Yini Guda a Jan Zaure: Abin da Na Gani a Majalisar Dattawan Birtaniya

Da misalin ƙarfe ɗaya na ranar wata Talata jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke ni a tashar Westminster da ke Landan. Kana hawa matakala ka fito, hasumiyar agogon Big Ben ce za ta tare maka ido, kogin Thames yana hagunka, dandalin majalisa yana damanka. Ƙofar baƙi ba ta nan gefen take ba. Sai ka zagaya ta wajen dandalin, ka bi shingen ƙarfe har ka iso inda mutum-mutumin Oliver Cromwell yake tsaye, takobi a hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Ta nan ake shiga.

Na ɗan dakata a gabansa, domin zancen da ya kawo ni ya shafe shi. A Maris 1649, makonni kaɗan bayan an fille wa Sarki Charles na Ɗaya kai, Majalisar Wakilai ta soke Majalisar Dattawa ɗungurungum, ta ce ba ta da amfani kuma haɗari ce ga mutanen Ingila. Ba a cika shekara goma ba Cromwell, wanda ya zama mai mulkin ƙasar, ya kafa wata majalisa ta biyu wadda shi da kansa ya naɗa mambobinta, sannan a 1660 tsohuwar ta dawo tare da sarauta. Tambayar da ta dami mutanen wancan zamani ita ce ke damun jikokinsu har yau: yaya za a yi da majalisar da ba wanda ya zaɓe ta, kuma an kasa rabuwa da ita?

Shiga kallon zama kyauta ne, ko kai ɗan ƙasa ne ko baƙo, kuma ba sai ka nemi izini tun gaba ba. Abin da kawai za ka tabbatar shi ne majalisar ba ta hutu. Litinin da Talata tana zama ƙarfe 2:30 na rana, Laraba ƙarfe 3, Alhamis ƙarfe 11 na safe, Juma'a kuwa sai jefi-jefi. Ana caje mutum kamar a filin jirgin sama, a ba shi katin baƙo ya rataya a wuya. Daga nan sai Zauren Westminster, wanda aka gina a 1097, mai rufin katako da sanyi irin na tsohon dutse. Shi ne ya tsira daga gobarar 1834 da ta cinye yawancin tsohuwar fadar. Ka hau matakala, ka ratsa wani dogon zaure, ka faɗa tsakar ginin, wani fili mai kusurwa takwas. Hagu hanyar Majalisar Wakilai ce, komai nata kore. Dama ta Dattawa ce, komai ja. Layin masu son ganin wakilai ya yi tsawo, na dattawa kuwa mu kaɗan ne. Aka karɓi jaka da waya aka ajiye, aka gargaɗe mu ba tafi, ba magana, muka jira har aka gama addu'ar buɗe zama, wadda wani bishop ke karantawa ƙofa a rufe, sannan aka bar mu muka hau benen 'yan kallo.

Zauren bai kai girman da hoto ke nuna shi ba. Tsawonsa kimanin mita 24 ne, faɗinsa kimanin 14, amma adon da Charles Barry da Augustus Pugin suka zuba masa kafin a buɗe shi a 1847 ya isa ya ɗauke hankali. A can ƙurya karagar mulki ce, an lulluɓe ta da ruwan zinariya, inda sarki ke zama ranar buɗe sabon zangon majalisa. Sama tsakanin tagogi akwai mutum-mutumi 18 na manyan hakimai da limaman cocin da suka sa Sarki John amincewa da yarjejeniyar Magna Carta a 1215. Gaban karagar akwai wata ƙatuwar jar katifa marar hannuwa, cike da gashin tumaki, a kanta shugaban majalisar yake zaune, sandar majalisa kwance a bayansa. Asalinta tun zamanin da cinikin ulu ne arzikin Ingila. A 1938 aka gano ashe gashin doki ne a ciki, aka farke ta aka sake cika ta da ulu daga ƙasashen Kwamanwels.

Benci-benci na jar fata suna fuskantar juna, gwamnati a dama da karaga, 'yan adawa a hagu. Na tsakiya kuma an gitta su, suna kallon karagar, nan ne mazaunin mambobin da ba su da jam'iyya. Benci ɗaya kaɗai ke da wurin ɗora hannu, na bishop-bishop. Abu guda da na lura da shi tun farko: wasu dattawan kan kwantar da kai a jikin bencin kamar barci ya kwashe su. Akwai ƙananan lasifiku da aka binne a bayan kowane benci, mai son jin magana sosai sai ya manna kunnensa a wurin. Makirfo kuwa daga rufi suke saukowa a kan dogayen wayoyi.

An fara da tambayoyi huɗu ga gwamnati, kowace kimanin minti 10. A nan ne baƙo zai fara ganin bambancin wannan zaure da na wakilai. Shugaban da ke kan katifar ulu ba ya kiran sunan mai magana, ba ya tsawatarwa, ba ya yanke hukunci kan ƙa'ida. Mutum uku za su miƙe lokaci guda, biyu su duba su koma su zauna. In aka yi turjiya, sai ka ji zauren yana kiran sunan wanda yake so ya ji, ko jagoran majalisar daga bencin gwamnati ya miƙe ya ce yanzu lokacin wane ɓangare ne. Mai magana ba shugaba yake fuskanta ba, dukan zauren yake yi wa jawabi. Ita kanta kujerar shugabancin sabuwa ce. Kafin 2006 Lod Kansila ne ke zama a wurin, mutum ɗaya da ke minista a gwamnati, shugaban alƙalai, kuma shugaban wannan majalisa. Dokar 2005 ta raba ayyukan, Barones Hayman ta zama ta farko da aka zaɓa ta hau katifar. Dokar ce kuma ta fitar da manyan alƙalai daga majalisar, suka koma Kotun Ƙoli da aka buɗe a Oktoba 2009 a tsallaken dandali.

Bayan tambayoyi zauren ya rage mutane ƙwarai, kuma a lokacin ne ainihin aikin ya soma. An shiga matakin kwamiti kan wani ƙudurin gwamnati. Kowa riƙe da takardu biyu, ƙudurin da kuma jerin gyare-gyaren da aka shigar, kowane da lambarsa, an tara masu kama da juna rukuni-rukuni. Wata dattijuwa daga bencin tsakiya ta miƙe kan kalma ɗaya tak. Sashen ya ce minista “yana iya” tuntuɓar waɗanda abin ya shafa kafin ya fitar da ƙa'ida, ita kuma tana son a mayar da shi “wajibi ne”. Ta yi bayanin abin da bambancin zai haifar ranar da magana ta je kotu. Wasu uku suka mara mata baya, ɗaya ya kawo wani rauni da ita ba ta ambata ba. Ƙaramin ministan da ke kare ƙudurin ya karanta amsarsa daga fayil, aka katse shi sau biyu, a ƙarshe ya yi alkawarin zai rubuto mata wasiƙa kuma za su zauna kafin mataki na gaba. Ta nemi izinin zauren ta janye gyaran. Aka wuce.

Wanda bai san dawan garin ba zai ce an ɓata minti arba'in a banza. Sam ba haka ba ne. A matakin kwamiti ba kasafai ake ƙuri'a ba, ana ɗanɗana ƙarfin hujjar gwamnati ne, a kuma sa minista ya faɗi magana a rubuce cikin kundin muhawara. In ya dawo da gyaran kansa a matakin rahoto, wato matakin da ke bin na kwamiti, buƙata ta biya ba tare da an kunyata kowa ba. In ya ƙi, a nan ne ake raba zaure: a buga ƙararrawa, a ba da minti takwas, masu cewa “na gamsu” su bi wani lungu, masu cewa “ban gamsu ba” su bi ɗayan, a ƙidaya su. Mafi yawan gyare-gyaren da ke shiga doka a wannan majalisa da sunan gwamnati ake shigar da su, amma da yawansu matsin irin wannan dattijuwa ne ya haife su.

Abin da ya ba wannan aiki ƙarfi ƙa'idoji ne guda biyu da Majalisar Wakilai ba ta da su. A can, gwamnati kan yanka wa ƙudurinta lokaci, in ya ƙare an wuce ko da rabin sassan ba a taɓa su ba, kuma kakaki ne ke zaɓar gyaran da za a tattauna. A nan ba a yanka lokaci, kuma duk gyaran da mamba ya shigar yana da haƙƙin a saurare shi. Akwai kuma tazarar da aka saba bari tsakanin matakai: ƙarshen mako biyu tsakanin karatu na ɗaya da na biyu, kwana 14 kafin kwamiti, wasu 14 kafin rahoto in ƙudurin mai tsawo ne, sai kwanakin zama uku kafin karatu na uku, wanda shi ma ana iya gyara a cikinsa. Ƙudurorin da ba su da zafi ana kai su wani ɗaki na gefe da ake kira Ɗakin Musa, inda ba a ƙuri'a, ba a karɓar gyara sai kowa ya yarda. Sannan akwai kwamitin da aikinsa kawai shi ne bin kowane ƙuduri yana neman wuraren da minista ke son a ba shi ikon sauya doka da alƙalaminsa ba tare da ya dawo majalisa ba. Irin waɗannan sassa suna da laƙabi, ana kiran su da sunan Sarki Henry na Takwas. A ganina wannan kwamiti na cikin abubuwa mafi amfani a ginin gaba ɗaya, kuma ba wanda zai ci zaɓe da irin aikinsa.

In dattawa suka gyara ƙuduri, sai ya koma wa wakilai. Su karɓa, ko su ƙi, ko su kawo madadi, ya sake dawowa. 'Yan majalisar kan kira wannan kai-komo ƙwallon tebur. Akwai tarko a ciki: in kowane ɓangare ya kafe kan magana ɗaya sau biyu ba tare da an kawo sabon lafazi ba, ƙudurin gaba ɗaya ya mutu. Shi ya sa kowane zagaye sai an ɗan sauya kalma. A Maris 2005 an kwana ana wannan kai-komo, sama da awa 30, kan dokar hana ta'addanci. A Afrilu 2024 an yi zagaye da dama kan ƙudurin tura masu neman mafaka Ruwanda, daga ƙarshe dattawa suka sakar wa wakilai. Kusan kullum haka ake ƙarewa, kuma dalilin yana cikin tarihi.

A Nuwamba 1909 dattawa suka yi watsi da kasafin ministan kuɗi David Lloyd George, wanda ya ɗora haraji kan masu manyan filaye, da ƙuri'a 350 da 75. Yawancinsu su ne masu filayen. Aka yi babban zaɓe har biyu a 1910, Sarki George na Biyar ya yarda zai naɗa sababbin mambobi ɗaruruwa in aka ci gaba da taurin kai, sai suka miƙa wuya, dokar 1911 ta wuce da ƙuri'a 131 da 114. Daga ranar, ƙudurin kuɗi ba sa iya riƙe shi fiye da wata ɗaya, sauran kuma jinkirtawa kawai suke iya yi, shekara biyu a lokacin, dokar 1949 ta rage zuwa kimanin shekara ɗaya. An bar musu cikakken ikon hanawa a wuri ɗaya mai muhimmanci: wakilai ba za su iya tsawaita wa'adin majalisa ya wuce shekara biyar ba sai da yardarsu. Sau bakwai kacal aka taɓa tsallake su da wannan doka, na ƙarshe a 2004 kan hana farauta da karnuka. Ga kuma wata al'ada da ba a rubuta a doka ba. A 1945 jam'iyyar Leba ta ci zaɓe da gagarumin rinjaye alhali mambobinta 16 ne kawai a wannan zaure, sai jagoran 'yan Konsabatib na lokacin, wanda daga baya ya gaji sarautar Salisbury, ya amince ba za su kashe ƙudurin da ke cikin alkawuran zaɓen gwamnati ba. Har yau ana bin wannan.

Duk da haka takan ciji. A Oktoba 2008 gwamnatin Gordon Brown ta nemi ikon tsare wanda ake zargi da ta'addanci kwana 42 ba tare da tuhuma ba, dattawa suka kayar da ita 309 da 118, ta janye. A 2015 suka taka wa ministan kuɗi George Osborne burki kan rage tallafin masu ƙaramin albashi, bayan wata guda ya haƙura. A 2016 Lod Dubs, wanda shi kansa yana yaro aka kuɓutar da shi daga Prague a 1939, ya matsa har aka sa wa gwamnati wajabcin karɓar wasu yara 'yan gudun hijira da ba su da iyaye a tare da su. A Nuwamba 2020 suka cire, da ƙuri'a 433 da 165, sassan wani ƙuduri da minista da bakinsa ya amsa sun saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. Tun 1999 babu jam'iyyar da ke da rinjaye a zauren, don haka dole gwamnati ta shawo kan 'yan tsakiya da hujja, bulaliyar jam'iyya ba ta kai kansu.

Na daɗe ina kallon fuskokin da ke ƙasa ina tunanin ta wace ƙofa kowannensu ya shigo, domin a nan ne matsalar take. Kujeru 26 na bishop-bishop ɗin Cocin Ingila ne: na Canterbury, York, Landan, Durham da Winchester kai tsaye, sauran 21 bisa daɗewa a muƙami, sai dai tun 2015 ana fifita mata in gurbi ya samu. Cocin na Ingila ne kaɗai, Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa ba su da irin wannan kaso, haka ma sauran addinai, waɗanda mutanensu ke shiga a matsayin ɗaiɗaiku. Musulmi na farko a zauren, Lod Stanley na Alderley, gado ya shigo da shi a 1869 bayan ya musulunta. Mafi rinjaye kuwa mambobin rai-da-rai ne, wato waɗanda ake naɗawa na tsawon rayuwarsu ba tare da a gaji kujerarsu ba, ƙarƙashin dokar 1958, wadda ita ce ta fara buɗe wa mata ƙofa. A cikinsu akwai likita Robert Winston, da masanin taurari Martin Rees, da Tanni Grey-Thompson da ta ci lambobin zinariya 11 a gasar nakasassu ta duniya, da Doreen Lawrence wadda ta shafe shekaru tana neman adalci bayan kisan ɗanta a 1993. Akwai kuma tsofaffin ministoci, da hadiman firaministoci, da attajiran da suka ba jam'iyyu gudummawa.

Masu gado labarinsu ya fi shahara. Kafin 1999 mambobi sun kai 1,330, galibinsu gadon kujerar suka yi. Dokar Firaminista Tony Blair ta wannan shekara ta sallami yawancinsu, adadin ya faɗo zuwa 669, amma aka bar 92 a matsayin sulhu na wucin gadi don kada a tsayar wa gwamnati aiki. Wucin gadin ya haura shekara ashirin. A da, in ɗayansu ya rasu, akan yi zaɓen cike gurbi tsakanin masu gado, kuma a 2016 an yi wanda 'yan takara bakwai suka nemi kujera ɗaya, masu jefa ƙuri'a uku. Gwamnatin Leba da ta hau a 2024 ta kawo ƙudurin rufe wannan ƙofa a Satumban shekarar, wakilai suka amince da shi a Nuwamba. Daidai ne, kuma an makara. Sai dai shi ne ɓangare mafi sauƙi, domin kusan ba mai iya tsayawa ya kare gadon kujerar yin doka.

Ƙofar da ta fi damuna ita ce ta firaminista. Babu wata doka da ta ƙayyade yawan mambobin wannan majalisa, babu wadda ta ƙayyade yawan waɗanda firaminista zai naɗa, ko rabonsu tsakanin jam'iyyu, ko cancantar da ake nema. Wanda ya naɗa kuma ya zauna ke nan har ya mutu ko ya ga dama ya yi ritaya. Blair ya naɗa sama da 350, David Cameron sama da 240. Kowane sabon shugaba yana tarar da zauren cike da mutanen wanda ya gada, sai ya ƙara nasa, ba a fitar da kowa. Ta haka adadi ya sake haura 800, ya zarce wakilai 650, har zauren ba ya ɗaukar su in an yi babbar ƙuri'a. Liz Truss ta yi kwana 49 kan mulki, jerin sunayen bankwananta ya shigar da mutum uku. Akwai hukumar tantance naɗe-naɗe tun 2000, amma ba doka ce ta kafa ta ba. Ga waɗanda jam'iyyu suka kawo, abin da take dubawa shi ne ko akwai abin kunya a tarihinsu, ba ko za su iya aikin ba, kuma shawara kawai take bayarwa. A Disamba 2020 Boris Johnson ya zama firaminista na farko da ya ture shawararta, ya naɗa Peter Cruddas. Hukumar ce ke zaɓo 'yan tsakiya marasa jam'iyya, amma firaminista ne ke faɗa mata mutum nawa.

Tsarin biyan kuɗi ma yana da nasa tasiri. Mambobi ba su da albashi, alawus ne na kowace ranar da suka halarta, fam 300 lokacin da aka fara shi a 2010, yanzu ya haura 350. Wannan ya fi dacewa da wanda ya riga ya yi ritaya ko yake da gida kusa, shi ya sa matsakaicin shekarunsu ke wajen 70, kuma Landan da kudu maso gabashin Ingila suka fi wakilci nesa ba kusa ba.

To me ya hana a mayar da ita ta zaɓe? Gabatarwar dokar 1911 kanta ta ce niyya ita ce a maye gurbinta da majalisar da jama'a suka kafa, sai dai ba yanzu ba. A 1969 Enoch Powell daga dama da Michael Foot daga hagu suka haɗa kai suka kashe shirin gyara, ɗaya ba ya son a taɓa ta, ɗaya so yake a soke ta. A 2003 wakilai suka ƙi duk zaɓin da aka gabatar musu. A 2007 suka amince da a zaɓi kashi 80 ko ma duka, dattawa suka ce a'a. A 2012 Mataimakin Firaminista Nick Clegg ya kawo ƙuduri mai cikakken tsari, kashi 80 zaɓaɓɓu, wa'adi ɗaya na shekara 15, ya tsallake karatu na biyu da 462 da 124, amma 'yan Konsabatib 91 suka yi tawaye, gwamnati ta ga ba za ta samu ƙuri'ar ƙayyade lokacin muhawara ba, ta ajiye shi. A 2022 kwamitin Gordon Brown ya ba da shawarar majalisar yankuna zaɓaɓɓiya.

Abin da ke kashe su duka ɗaya ne. Dattawa na sakar wa wakilai ne saboda sun san ba su da ƙuri'ar jama'a a bayansu. Ranar da suka samu, me zai sa su saki? 'Yan Majalisar Wakilai sun san wannan, kuma ba su son kishiya. Misalin Ostireliya yana gabansu, inda zaɓaɓɓiyar majalisar dattawa ta riƙe kuɗin gwamnati a 1975 har Gwamna-Janar ya sauke Firaminista Gough Whitlam. Ana iya magance wannan da rubutacciyar doka kan ikon kowace majalisa, amma wannan aiki ne babba da ba gwamnatin da ta yarda ta ba shi shekarunta. Akwai kuma asarar da ba a cika faɗa ba: likita ko masanin kimiyya ba zai bar aikinsa ya shiga yaƙin neman zaɓe ba, kujerun za su koma hannun jam'iyyu.

Gyare-gyaren da suka ci nasara duk ƙanana ne, ɗaya bayan ɗaya. 1958 ta kawo 'yan rai-da-rai. 1963 ta ba mai gado damar ajiye sarautarsa, bayan gwagwarmayar Tony Benn. 2014 ta halatta ritaya, ta kuma fitar da wanda ya yi zango guda bai halarta ba ko aka ɗaure shi fiye da shekara. 2015 ta ba majalisar ikon korar mamba. Ni a kan wannan hanya na tsaya. A 2017 kwamitin Lod Burns ya tsara abin da ya kamata: kada adadi ya wuce 600, sabon mamba ya yi shekara 15 ya tafi, mutum biyu su fita kafin ɗaya ya shigo har a kai adadin, a raba sababbin kujeru bisa sakamakon babban zaɓe, a ware kashi ɗaya cikin biyar ga marasa jam'iyya. Firaminista Theresa May ta ɗan kama hannunta, waɗanda suka biyo ta ba su kama ba, saboda shawara ce ba doka ba. Abin da ya rage shi ne a mayar da ita doka, a kafa hukumar tantancewa da doka, a ba ta ikon cewa a'a kuma a'arta ta zauna, a sa mafi ƙarancin halarta da aiki. Kanada, wadda ita ma naɗa sanatocinta take yi, ta daɗe da adadi tsayayye, 105, da ritaya a shekara 75, kuma tun 2016 wani kwamiti mai zaman kansa ne ke miƙa sunaye. Duk wannan ba zai amsa ƙorafin wanda ya ce ba a yi masa doka sai da wanda ya zaɓa ba, kuma ƙorafinsa gaskiya ne. Amma zai raba mutum ɗaya da ikon cika rabin majalisar ƙasa yadda ya so.

Na sauko daga benen bayan magariba, na karɓi jakata. A tsakar ginin akwai allunan talabijin da ke nuna abin da kowane zaure ke ciki. Na jan ya nuna sunan ƙudurin nan dai, da lambar gyaran da aka kai, da sunan mai magana, da mintocin da ya ci. Na fita ta Zauren Westminster, iska mai sanyi tana tasowa daga kogi. Can saman hasumiyar agogo akwai wata fitila da ake kunnawa duk daren da ɗaya daga cikin majalisun biyu ke zama. Tana ci lokacin da na tsallaka titi zuwa tasha, kuma bisa jerin da na gani a hannunsu akwai sauran rukunin gyare-gyare da dama kafin su tashi.